Wayar Lasifikar Malam Uwaisu

Ɗorawar Malam,
Bayan ruwan shuka.

Zuwa ga taubashina Munir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya Legas, ya aiki, ya haƙuri da cunkoso? Mahaifiyarka Gwaggo Tahira lafiyarta ƙalau, sai ƙafar da ke taɓa ta in an yi ruwa. Ta ce in gaya maka ba ta manta kamanninka ba tukuna, amma saura kaɗan.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗanliti direba. Salular kirki a gidan nan ta Baban Ummi ce, shi kuwa maigidan nawa shi ne sakataren kwamitin masallaci, maganar da zan yi maka kuma ta shafi kwamitin. Shi ya sa na koma wa biro.

Maganar Baba ce. Ka san tun kafin a haife mu shi ne ladanin garin nan. To bana murya ta fara ba shi matsala a lasifika. Tana fita a shaƙe, in ya ja sai ta tsinke a tsakiya. Masu noma a gangare, can bayan rafi, sun ce ba sa jin kiran azahar, har wasu sai inuwa ta yi tsawo suke farga. Kwamiti ya zauna, an ambaci sunan Abdulkabir tela, wanda Baba ya koya wa karatu da bakinsa. Ba wanda ya iya tunkarar Baba da zancen, sun dai ce a jira girbin gero a gani. Ni a gida na ji, kuma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Munir, in aka karɓe kiran nan daga hannun Baba, ban san abin da zai tashe shi da safe ba.

Ni na tabbata wayar ce, wadda ta taso daga makirfo zuwa amfilifaya. Ta tsufa, an naɗe ta da baƙin salatif a wurare da yawa. Da na shiga birni sayen littattafan Islamiyyarmu, wani mai kayan sauti ya nuna mini wata waya mai kauri kamar igiyar guga, bakinta ruwan gwal. Ya ce da ita ko tsoho ya yi magana sai ka rantse saurayi ne, amma ta ainihin sai Legas. Da ya faɗi kuɗin tasa ma sai da na dafa kantar shagon.

Kai ne kake wuni cikin wayoyi a situdiyonku. Ka taimaki kawunka ka aiko da irin ta. Ban taɓa roƙonka komai ba, ban da rogon da kake ƙwace mini muna yara, wanda har yau ban yafe ba.

Taubashiyarka,
Safara'u Uwaisu

*

Legas.

Malama Safara'u,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, tana warin albasar Ɗanliti. Ina lafiya, aiki da godiya. Ki gaishe da Inna, ki ce mata hotona yana jikin bangon ɗakinta in ta yi mantuwa. Ki gaishe da Kawu gaisuwa ta musamman, da maigidanki Kamaruddeen da Ummi. Rogo kuma ke kike ajiye shi inda ba ki iya tsaronsa.

Labarin Kawu ya taɓa ni ƙwarai. Amma zan gaya miki gaskiyar sana'ata, don ke ba baƙuwa ba ce. Mai shagon nan ciniki yake nema. Waya kamar bututun ruwa take, in bai huje ba, abin da aka zuba ta nan shi zai fito ta can. In ta tsinke a ciki ko bakinta ya yi tsatsa, za a ji ƙara-ƙara ko sauti ya riƙa ɗaukewa, wannan kuwa sabuwar waya ta talaka ma tana maganinsa. Ruwan gwal yana hana tsatsa, ba ya ƙara wa murya ƙarfi.

Mun taɓa gwadawa a nan. Wani mawaƙi ya zo da tasa mai tsada daga ƙasar waje, ya ce shi da wata ba ya waƙa. Muka sa shi ya juya baya, muka riƙa sauya tasa da tamu yana saurare. Wadda ya rantse tasa ce, tamu ce da muka saya a bakin titi. Ya yi fushi, amma ya ci gaba da zuwa.

Saboda haka ina ganin matsalar ba a waya take ba. Ki sa a duba lasifikar da ke kan soro, wani lokaci ruwa ko zanzaro na shiga ciki. A duba batirin sola, a duba amfilifaya. Ki gaya mini abin da aka gani.

Naki,
Munir

*

Ɗorawar Malam,
Ana noman maimai.

Munir,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Takardarka ta daɗe a hanya, motar Ɗanliti ta lalace a Lokoja, ni kuma kullum ina leƙen titi kamar mai jiran amarya. Da na san abin da ke ciki da ban wahalar da wuyana ba.

Ka rubuta wai matsalar ba a waya take ba. Na karanta layin nan har na haddace shi. Ka fito fili mana ka ce a maƙogwaron Baba take. Abin da 'yan kwamiti ke faɗa a bayan idonsa ke nan, ban zaci zan ji shi daga bakin ɗan ƙanwarsa ba. Lasifika da batiri da amfilifaya da ka lissafa, tuni Baban Ummi ya ɗauko mai gyara daga Bacirawa ya duba su, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ka ga ke nan saura wayar. Ita ma ya taɓa ta ya ce ba laifi, amma me ya sani, mutumin da rabin aikinsa gyaran fanka ne.

Ban tambaye ka labarin mawaƙinku ba. Baba ba mawaƙi ba ne. In tsadarta ce ta tsorata ka, ka faɗa, ba abin kunya ba ne, ina da akuya. Gero ya kai gwiwa, lokaci yana tafiya, Baba kuma kullum yana fita da butarsa kafin kowa, bai san ana ƙirga masa kwanaki ba. Jiya da na je gida na gan shi yana shan zuma da citta a ɓoye, yana gyaran murya a bayan rumbu. Na koma ɗaki na yi kuka.

Safara'u

*

Legas.

Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata fushin ya ɗan sauka kafin wannan ta iso. Ina lafiya, sai dai takardarki ta hana ni sukuni.

Wallahi lokacin da na rubuta layin nan, lasifikar kan soro nake nufi, ban kawo Kawu a raina ba. Yanzu da kika ce an duba komai, ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma gabana ya faɗi. Amma kada ki ƙara cewa ina cikin masu magana a bayan idonsa. Sana'ar nan da nake ci da ita, a wurinsa na fara ta. Ina yaro in ya ɗaga murya daga kan dakalin masallaci, kafin a sayi lasifika, nakan ruga bayan gari in tsaya in ji har ina take kaiwa. Na yi aiki da masu murya iri-iri a garin nan, ban ji wanda yake sauke ƙarshen kira a hankali kamar Kawu ba, kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono.

Ga wayar nan a hannun Ɗanliti, irin wadda kika kwatanta, ta ainihin. Ki bar akuyarki ta huta. Ban sauya ra'ayi ba, amma Kawu ya fi ƙarfin ra'ayina. Abu ɗaya nake roƙo: kada a gaya wa kowa ranar da za a saka ta. A saka shiru, sannan a tambayi mutanen gangare ko sun ji canji. In sun ji, zan zo har gida in durƙusa in ba ki haƙuri a gaban Ummi.

Naki,
Munir

*

Ɗorawar Malam,
Gero ya fara fitar da kai.

Ɗan'uwana Munir,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa yana sauka yadda ake so. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Ka yafe mini kalaman da na yi maka, ka san bakina ya fi hankalina sauri.

Ka ce a yi abin shiru. Ka manta wanda ka ba saƙon. Ɗanliti ranar kasuwa ya shigo, ya tsaya a ƙofar masallaci yana danna hon, ya ɗaga kwalin sama yana cewa ga wayar gwal daga Legas an aiko wa Malam. Kafin la'asar har matan da ba sa fita sun san launinta. Baba ya karɓa, ya sa maka albarka, ya shige da ita gida.

Washegari aka fara zuwa yi masa barka. Mutanen gangare suka aiko cewa sun ji azahar tangaram. Liman ya ce masha Allah, murya ta dawo. Wata tsohuwa ta ce har tsigar jikinta ta tashi. Baban Ummi da kansa ya ce mini da alama an dace, kwamiti zai bar maganar. Ni kuwa har na fara rubuta maka takardar tsiya, na tanadi tabarmar da za ka durƙusa a kai.

Ranar Juma'a da yamma Baba ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, akwatin ƙarfensa a gabansa. Ya buɗe. Munir, ga wayarka nan kwance a kan rigarsa ta Idi, ko ledar ba a yage ba.

Na ce, "Baba, ba a saka ba?"

Ya ce, "Ina fa. Na ga abin da kyau, na ji tsoron in cusa ta inda ba nan ba in lalata wa yaro kaya. Na ce bari sai na sami wanda ya iya. Kafin in samu sai ga mutane suna ta yi mini barka."

Na matsa kusa na ce, "To Baba ka yi shiru. Gobe da sassafe a saka ta, babu wanda zai sani."

Ya kalle ni har na sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Safara'u, kin zaci ban san zaman da kwamiti ya yi ba? Garin nan nawa yake? Kara mutane suke yi mini, Allah ya biya su. Amma wanda yake gangare da fartanya a hannu, kara ba za ta gaya masa rana ta karkata ba. In ya rasa salla a kan lokaci saboda ni, ranar gobe ba su za a tambaya ba."

Na ce wataƙila in an saka sabuwar a ji bambanci da gaske. Ya ce to, shi ma yana so ya sani, bai yanke ƙauna ba. Amma ba zai ƙara tambayar mutanen gari ba, don sun riga sun nuna masa ba za su iya faɗa ba. Ya ce in tambaye ka, kai da ka san aikin, yaya mutum zai gane gaskiyar abin da shi kansa ba ya iya ji daga nesa.

Ban taɓa jin kunya da alfahari a lokaci guda kamar ranar ba. Ka amsa da wuri.

Safara'u

*

Legas.

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake. Na karanta takardarki a bakin aiki, sai da na fita waje na ɗan tsaya. Mutane da yawa sun biya ni don in ɓoye raunin muryarsu. Yau ga mutum an ba shi mafaka kyauta ya ce ba ya so.

Ki gaya wa Kawu hanyar mai sauƙi ce, amma ba daɗi. A saka sabuwar waya ya yi magana, wani wanda ba zai yi masa kara ba ya tsaya a gangare ya saurara. Sannan a mayar da tsohuwar, wani daban ya yi magana, Kawu ya je gangaren da kansa ya ji. In sabuwa ta kai muryarsa, shi ke nan, na sha kaye, kuma zan fi kowa murna. In tsohuwa ta kai muryar wani, to ya sami amsarsa. Ba sai an yi kiran salla ba, ko ƙirge aka yi a makirfo ya isa.

Wanda zai tsaya masa a gangare kuwa, ban san kowa ba sai ke. Ki yi haƙuri.

Munir

*

Ɗorawar Malam,
Ana shirin girbi.

Munir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kowa lafiya. Gwaggo ta ce an kusa cin tumu, in kana da niyya. Ga yadda aka yi.

Na karanta wa Baba takardarka. Ya yarda da komai ban da ƙirge. Ya ce lasifikar masallaci ba wurin wasa ba ce, kuma murya ba ta fita don ƙirge yadda take fita don kira. Kuma ba za a yi kira ba sai lokacinsa ya yi. Saboda haka shi zai kira azahar da sabuwa, a kira la'asar da tsohuwa. Dole na gaya wa Baban Ummi komai, har da takardun da nake ba Ɗanliti. Bai yi faɗa ba, ya ce dama yana mamakin yadda biron gidan ke ƙarewa. Shi ya saka wayar da hannunsa, ya raka ni gangare.

Muka tsaya a gindin ɗorawar da ke gonar su Liman. Lokaci ya yi. Na kasa kunne har ina riƙe numfashi. Na ji shi, Munir, amma don na san yana nan ne. Farkon ya iso da ƙyar, tsakiyar iska ta tafi da ita. Wani mutum yana aiki kusa da mu ko kai bai ɗaga ba. Baban Ummi ya juya yana duban dawa. Hanyar komawa gida ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba.

Baba yana zaure yana jira. Ya ce, "To?"

Na kau da kai. Ya ce, "Ke na aika don ke ce ba kya iya ɓoye abu a fuska. Amma ina so in ji da baki."

Na ce, "Baba, ba ta kai ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da ke." Sai ya aika a kira Abdulkabir. Tela ya zo ya durƙusa, da ya ji abin da ake so ya yi, sai ya fara rantse-rantse, shi ba zai taɓa makirfo ba Malam yana raye. Baba ya ce, "Ni na koya maka fatiha, yau kuma na aike ka. Tashi." Aka cire wayarka aka mayar da mai salatif.

Muka koma gangare mu uku, Baba yana gaba da sandarsa, ya ƙi a ɗauke shi a babur. Manoma suka yi ta mamakin ganinsa a gona a irin wannan lokaci. Ya tsaya a gindin ɗorawar nan. Can sai kira ya taso. Ya taho ta kan amfanin gona sarai, kowace kalma da ƙarshenta. Mutumin ɗazu ya ajiye fartanya ya nufi rafi.

Ni Baba nake kallo, ina tsoron abin da zan gani. Sai na ga leɓensa yana motsi. Amsawa yake yi, ladan ya faɗa shi ma ya faɗa, a hankali, har zuwa ƙarshe. Ya ɗaga hannu ya yi addu'ar bayan kira. Hawaye yana bin gemunsa amma fuskarsa a sake take.

Ya ce, "Ashe haka yake zuwa. Safara'u, tun ina saurayi nake kira a garin nan, ban taɓa tsayawa na amsa ba. Kullum ni ne a ciki." Ya share ido ya ƙara da cewa, "Yaron yana saurin sauke ƙarshe, zan gyara masa."

A nan gona ya yi la'asar tare da manoma. Bayan magariba ya miƙe a masallaci ya gaya wa jama'a da bakinsa cewa ya miƙa wa Abdulkabir ladancin, ya kuma gaya musu inda wayar take ranar da suke yi masa barka. An ce dattawa sun rasa inda za su sa ido, shi kuwa dariya ya yi ya ce ya gode da ƙauna. Kwamiti bai sami abin zama a kai ba.

Wayarka tana masallaci, Baba ya ce a yi amfani da ita tunda kyauta ce, a ajiye tsohuwar saboda wata rana. Ba ta ƙara komai ba, ba ta rage komai ba, sai dai kyau. Ka yi gaskiya, ba sai ka durƙusa ba, amma kada ka saba.

Na ce maka ban san abin da zai tashe shi da safe ba. Yanzu da sassafe Abdulkabir yake zuwa zaure ana gyara masa ƙarshen kira. Jiya da hantsi na kai wa Baba kunu, na tarar ba ya nan. Ummi ta ce ya ɗauki buta da buzunsa ya tafi gangare tun ɗazu, wai kada kira ya same shi a hanya.

Ya ce in ka zo cin tumu zai kai ka ka ji, ya san inda ya fi fita.

Taubashiyarka,
Safara'u Uwaisu